Wanka Sau Nawa? Magana Ga Ƙannena Samari Da 'Yan Mata

Ƙannena, akwai wata magana da ke yawo a wayoyinku 'yan shekarun nan, wai likitocin Turai sun ce wanka kullum ba dole ba ne, har ma yana iya ɓata fata. Maganar tana da tushe. Wani likita ɗan Amurka mai suna James Hamblin ya bar wanka da sabulu irin wanda aka saba, ya yi shekaru a haka, sannan a 2020 ya fitar da littafi sukutum a kan lamarin. Likitocin fata da dama a Amurka da Ingila suna cewa babban mutum mai lafiya, wanda ba ya aikin gumi, zai iya tsallake kwana ɗaya ko biyu bai shiga banɗaki da bokiti ba, kuma babu abin da zai same shi. Ban ƙaryata su ba. Abin da nake so ku duba shi ne inda mai maganar yake zaune. Wanda ke fita daga gida mai sanyi, ya shiga mota mai sanyi, ya wuni a ofis mai sanyi, a garin da ake rawar ɗari rabin shekara, lissafinsa daban ne da na saurayin da ya taka daga Kurna zuwa Kantin Kwari da azahar a watan Afrilu, ko wanda ya wuni yana tuƙa a-daidaita-sahu, ko yarinyar da ke zaune a aji cike maƙil babu fanka. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yana haura digiri 40. Shawarar da aka yanka wa mutumin London ba za ta shige mu ba. Shi kansa likitan da ya bar wankan bai taɓa barin wanke hannu da sabulu ba, kuma wannan ɓangaren ne masu yaɗa labarin ba sa faɗa.

Ga amsata a fili. Daga ranar da kuka balaga, wanka sau ɗaya a rana shi ne mafi ƙaranci. A bazara, ko bayan ƙwallo, ko bayan aikin gona da garejin kanikanci da ɗaukar kaya, sau biyu. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ma, can inda ake wannan muhawarar, ta ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 11 zai iya wadatuwa da wanka sau ɗaya ko biyu a mako in bai yi dauɗa ba, amma da ya fara balaga sai kullum.

Me ya sa balaga ce iyaka? Domin gumi iri biyu ne. Akwai wanda ke tsatsafowa a ko'ina a jiki don ya sanyaya shi, kusan ruwa ne da ɗan gishiri, kuma da shi aka haife ku. Akwai na biyu, mai kauri da maiƙo, da ke fitowa a hammata da matsematsi, shi kuwa maɓuɓɓugarsa a kwance take sai lokacin balaga. Gumin da kansa ba ya da wani wari. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a fatar kowa, su ne ke cin sa su fitar da tsamin da ake ji. Shi ya sa yaro ɗan shekara takwas zai wuni yana tsalle-tsalle, dauɗa kawai za a gani, amma yayansa ɗan sha biyar in ya kwana bai yi wanka ba, duk ɗakin zai sani. Jikinka na bana ba irin na shekara uku da suka wuce ba ne, don haka ɗabi'ar wankanka ma dole ta canza. Iyaye da yawa kunya ke hana su faɗa wa 'ya'yansu wannan, sai a bar yaro ya ji daga bakin abokai cikin ba'a, abin da ba zai manta ba har ya tsufa.

Wani abu kuma, hanci yana sabawa da warin da ya daɗe yana shaƙa. Kai da ke ɗauke da shi kai ne na ƙarshen da zai ji. Don haka kada ka shinshina rigarka ka ce ai lafiya lau. Wanda ke gefenka a sahu, da wadda kuke benci ɗaya, da fasinjan da kuka matsu a mota, su ne suka sani, kuma mutanenmu masu kawaici ne, ba za su ce komai ba, sai dai su matsa. A nan nake ganin wanka ya wuce sha'anin mutum shi kaɗai, ya zama haƙƙin jama'a. Ku tuna asalin wankan Juma'a kamar yadda Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labari: mutane ne ke tahowa masallaci daga gidajensu da unguwannin gefen Madina cikin ƙura da gumi, warin yana tashi, sai aka umarce su da yin wanka a ranar. Don kada a cutar da na kusa aka yi umarnin.

Tun da an zo nan, bari in kawar da wani ruɗani. Wasu samari suna ganin alwala sau biyar ta wadatar. Alwala ni'ima ce babba, tana wanke fuska da hannu da ƙafa da baki da hanci, amma ba ta isa hammata, ba ta isa matsematsi, wato wuraren da tsamin ke fitowa. Haka nan wankan ibada, na janaba ko na ɗaukewar haila, yana da niyyarsa da hukuncinsa kamar yadda kuka karanta a Ahalari da Ishmawi, kuma a mazhabar Malikiyya sai an cuɗa jiki, kwara ruwa kawai bai isa ba. Amma wankan soso da sabulu aikinsa daban. Kowanne a ba shi haƙƙinsa.

Shekararmu kuma ba ɗaya ba ce, kowane lokaci da abin da yake buƙata. A bazara wankan safe da sabulu, na dare kafin kwanciya ko da ruwa zalla ne. Yana rage ƙurajen zafi, yana kuma sa barci ya yi daɗi. A damina matsalar laima ce. Jiki ba ya bushewa da wuri, tufafi ma haka, sai ƙwayoyin cuta dangin fumfuna su samu wurin zama: kyasbi a ƙirji da gadon baya, ƙaiƙayi a matsematsi, ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa ga masu wuni cikin takalmi sau-ciki. A wannan lokacin goge jiki ya bushe sarai yana da muhimmanci kamar wankan kansa. Kada ka zura wando jikinka da danshi don kana sauri.

Hunturu ne ya fi buƙatar a tsaya a yi magana, domin nan ne ake yin kuskure ta fuska biyu. Akwai masu yin hannun riga da ruwa, su wanke fuska da ƙafa su shafa mai su fita, a yi mako guda a haka, suna cewa ai ba a gumi. Ana yi, musamman a cikin rigar sanyi da bargo, kuma ƙurar da iska ke ɗaukowa tana manne wa man da aka shafa jiya, a ƙara wani a kai yau, har dauɗa ta yi kanta a wuya da gwiwa. Akwai kuma masu tafasa ruwa ya yi zafi ƙwarai, su daɗe suna dirzar jiki da soso mai kaushi har fata ta yi ƙara. Su ma suna cutar da kansu. Fata tana da wani siririn maiƙo da take fitarwa don ta riƙe danshi ta kuma tare ƙwayoyin cuta. Ruwa mai zafi da sabulu mai ƙarfi suna kwashe shi, busasshiyar iskar hunturu ta ƙarasa sauran, sai ka ga jiki ya yi fari fat, ga ƙaiƙayi, ga faso a dunduniya, wani har jini. A nan ne maganar likitocin Turai take da gaskiya a wurinmu. Abin da ya dace: sau ɗaya a rana, da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, cikin minti biyar zuwa goma. In safiya ta yi tsanani a bari sai hantsi ko bayan azahar. Da an fito, tun jiki da sauran danshi, a shafa man kaɗanya ko bazilin. Wanda ya bari jiki ya bushe ƙayau kafin ya shafa ya rage wa kansa amfanin man.

Ina roƙonku da babbar murya a kan abu uku na lokacin sanyi. Kada ku shiga banɗaki ko ɗaki da kaskon gawayi ku rufe ƙofa, domin garwashi yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai dai ya ji jiri ya faɗi. Kada ku tsoma hannu a bokiti don jin ɗumin ruwa alhali hita tana jone da wuta. In kuma za ku sirka ruwa a gidan da ke da ƙananan yara, ku fara zuba na sanyi, kada a bar tafasasshen ruwa a tsakar gida ko na minti ɗaya.

Na san abin da wasunku za su ce: ruwan fa? Gaskiya ne. A unguwanni da yawa famfo ya zama tarihi, sai an jira 'yan ga-ruwa, kuma kuɗin jarka yana cin aljihun maigida. A ƙauye wata yarinyar sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta cika tulu. Ba zan raina wannan wahalar ba. Amma wanka ba ya buƙatar ruwa mai yawan da muke zato. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar na ruwa, yana alwala da mudu guda, kuma wannan bai kai rabin bokitin da muke ɗauka ba. Dabarar ita ce sanin inda sabulu ya kamata ya je. Hammata, matsematsi, gaba da baya, ƙarƙashin mama, wuya, bayan kunne, cibiya, tsakanin yatsun ƙafa: waɗannan kullum ne. Damtse da ƙwauri da gadon baya, in ba ƙura ko baƙin mai suka kwasa ba, ruwa da cuɗawa ya ishe su a wasu ranakun. A jiƙa jiki da moɗa ɗaya, a sa sabulu, a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. Ranar da ruwa ya yi ƙaranci sosai, buta guda da tsumma mai tsabta za su wanke waɗancan wuraren, kuma hakan ya fi a fita haka nan nesa ba kusa ba.

Sai tufafi, inda ƙoƙarin samari da yawa ke rushewa. Ka yi wanka tsaf, sannan ka mayar da singiletin jiya da ɗan kamfan shekaranjiya, to ka dawo inda ka fito. Waɗancan ƙananan halittu suna nan a cikin zaren, da ka fara gumi za su ci gaba da aikinsu. Ɗan kamfai da singileti da safa, sawa ɗaya wanki ɗaya. A shanya su a rana, kada a rataye a bayan ƙofa don kunya. Rigunan ƙwallo na roba da kuke so sun fi auduga riƙe wari, don haka su ma ba a maimaita su. Tawul a baza shi ya sha iska bayan kowane wanka, a wanke shi aƙalla mako-mako. Turare kuwa ado ne da ake ɗorawa a kan jiki mai tsabta. In aka fesa shi a kan gumin jiya, warin da ke fitowa ya fi na gumin shi kaɗai tayar da zuciya.

Ku 'yan makarantar kwana, kada ku yi aron soso da tawul da mataji, ko da na amininku ne. Ta nan makero ke bin ɗaki guda. Ita ma ƙazuwa tana bin cuɗanya da shimfiɗa, kuma ku sani wanka ba ya kashe ta. Wani ɗan ƙwaro ne ke shiga ƙarƙashin fata ya yi ƙwai, shi ya sa ƙaiƙayin ke tsananta da dare. Mai tsabta ma yana kamuwa. Maganinta na asibiti ne, kuma sai an yi wa duk masu kwana wuri ɗaya lokaci guda, an wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi an shanya a rana, in ba haka ba za ta yi ta zagayawa.

Ƙannena mata, akwai maganarku ta musamman. Wasu suna cewa mai haila ba ta wanka, ko ba ta wanke kai. Wannan ba shi da tushe a likitanci, kuma addini bai hana ba. A kwanakin nan ne ma jiki ya fi buƙatar ruwa. A riƙa canza ƙunzugu ko audugar mata duk bayan 'yan sa'o'i, kada a wuni da guda ɗaya, in kuma na tsumma ne a wanke da sabulu a shanya inda rana za ta buge shi. Wajen tsarki, ruwa mai tsabta a waje ya isa, daga gaba zuwa baya. Cikin jiki Allah Ya yi shi yana tsabtace kansa, kuma cusa sabulu ko turare ko haɗe-haɗen da ake tallatawa yana kashe halittun da ke ba shi kariya, sai a jawo ƙaiƙayi da warin da ake gudu. In an ga ruwa mai wari ko launin da ba a saba ba, asibiti za a je, kunya ba ta warkar da ciwo. Gashi kuma yana wuni a rufe cikin ɗankwali da hijabi, zafi yana dafa shi. Kada kitso ya yi makonni ba a tsefe an wanke ba, kuma kada a ɗaure kai gashi na jiƙe.

Game da sabulu ba sai na tsawaita ba. Na wanka na yau da kullum ya wadatar. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa wasu sinadarai 19 a sabulan da ake tallatawa da sunan kashe ƙwayoyin cuta, domin kamfanonin sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa amfani. Sabulun salo yana da kyau ga mai maiƙon fata, amma yana da ƙarfi, a rage shi da hunturu. Omo na wanki ne, kada ya taɓa jiki. Sabulai da mayukan bilicin kuwa ba su da alaƙa da tsabta ko kaɗan. Wasu suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu suna sirantar da fata har ciwo ya ƙi warkewa. Baƙar fata ba dauɗa ba ce, kuma duk wanda ya sa kika ji haka ya zalunce ki.

Akwai kuma wankan da gara a bar shi. Kududdufi da bakin dam da magudanan noman rani suna jan yara da samari a lokacin zafi. A irin wannan ruwan ne ƙananan katantanwa ke sakin tsutsar tsargiya, ta huda fata ta shiga jini ba tare da an ji ba. Bayan wani lokaci sai a ga jini a ƙarshen fitsari. A wasu garuruwan abin ya yi yawa har ana ɗaukarsa alamar girma ga yaro namiji. Ciwo ne, yana lalata mafitsara da ƙoda in ya daɗe, kuma akwai ƙwayar magani da ke kashe tsutsar. Wanda ya ga haka ya gaya wa iyayensa a je asibiti.

Duk abin da na faɗa a kan wanka, in aka ce in zaɓi abu guda da ya fi ceton rai, wanke hannu zan zaɓa. Tsallake wanka yana jawo wari da ciwon fata, amma hannu mai dauɗa kai mutum kabari yake yi. A 1847 wani likita ɗan Hangari, Ignaz Semmelweis, da ke aiki a asibitin haihuwa a babban birnin Ostiriya, ya lura cewa mata sun fi mutuwa da zazzaɓin jego a ɓangaren da likitoci ke fitowa daga ɗakin binciken gawa su karɓi haihuwa. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka faɗi ƙasa cikin 'yan watanni. Abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda da shi, ya mutu a 1865 ba a gane darajarsa ba. A gida kuma, a 2021 amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Gurɓataccen ruwa da hannun da ba a wanke ba su ne hanyarta. Bincike ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Mu masu tsarki da ruwa ne, masu ci da hannu, a kwano ɗaya. Wannan al'ada ce mai albarka, amma tana ɗora mana nauyi. Bayan fitowa daga bayi ɗauraye hannu da ruwan buta bai isa ba, sai da sabulu, a cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu na kamar daƙiƙa 20. Haka kafin cin abinci, kafin girki, da bayan wanke wa jariri kashi. Kwanon wanke hannu guda da ake zagayawa da shi a wurin biki ku guje shi, na ƙarshe a dauɗar kowa yake wanke nasa. A zuba wa juna da buta. Farce kuma a yanke, nan ne maɓoyar dauɗa. Hadisin Anas a Sahihu Muslim ya sa kwana 40 a matsayin iyakar da ba a wucewa wajen yanke farce da rage gashin baki da cire gashin hammata da na mara. Iyaka ce ta ƙarshe, a zafin ƙasarmu ba sai an jira ta cika ba. Ku riƙa wanke wa ƙannenku fuska safe da yamma, domin kwantsa da majina ke jawo ƙuda, ƙuda kuma ke yaɗa ciwon idon nan da ke juya gashin ido ciki yana gogar ƙwayar ido har a makance. Ghana ta rabu da shi a 2018, kuma wanke fuskar yara yana cikin matakan da aka bi.

In kana da aboki mai wannan matsala, kada ka yi da shi a bayan ido, kada ka sa masa suna. Ja shi gefe ku biyu ka faɗa masa da taushin murya, zai ji kunya a ranar, zai gode maka daga baya. Ka kuma lura, mutumin da aka sani da tsabta in ya bar wanka kwatsam, ya bar kula da kansa, sau da yawa damuwa ce ta danne shi, ko ya faɗa shaye-shaye, ko wani ciwon ne. Irin wannan tambayar lafiyarsa ya fi buƙata kafin gori.

Ku kuma dubi almajiran da ke zuwa ƙofar gidajenku. Ana kiransu ƙazamai, alhali yawancinsu ba su da bokiti, ba su da sabulu, ba su da inda za su tuɓe su yi wanka cikin sutura. Ranar Alhamis ba su da karatu. Ku roƙi izinin iyayenku, ku ba yaro guda ruwa da sabulu da wurin wanka da igiyar shanya, ku mayar da hakan al'adar gidanku kowane mako.